Takardar da Na Kai Kasuwa

Akwai maganar da kuke yi a gidan nan, ina ji ina kau da kai, shekara da shekaru. Duk ranar da aka ambaci kawunku Yakubu, Allah Ya jiƙansa, sai wani a cikinku ya ce ai Rashida ce ta tona masa asiri, ita ce sanadin barinsa unguwar Gumbihini. Har ke Balaraba, da ba ki fi shekara goma ba a lokacin, kina faɗa da ƙarfi kamar a gabanki aka yi. To, tunda gwiwa ta raba ni da kasuwa amma hannu yana aiki, zan gyara muku zancen. Ba yayarku Rashida ba ce. Ni ce, ni Salamatu da na haife ku. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya buɗe baki.

Shekarar da abin ya faru, Rashida tana ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, babanku kuma ya cika shekara uku a ƙasa. Ina sayar da atamfa a babbar kasuwa, ina riƙe da ku a gidan nan na Jisonayili, lokacin da bayanmu duk fili ne da ciyawa. Halina kun san shi, ba sai na ɓoye ba: ni mace ce mai zargi. A kasuwa na girma. Na ga mai karɓar adashi da ya fi kowa yawan salati ya ɓace da guminmu rana tsaka. Na ga masu fararen motoci suna zuwa unguwa su tara mata, su ɗauki hotonsu da yara a goye, su rubuta sunaye, daga nan sai labari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka duk wanda ya zo mini da zancen taimako da takarda a hannu, jakata nake fara dafewa kafin in amsa sallamarsa.

To sai ga taimako da takarda sun shigo har tsakar gidana. Kowace Asabar bayan la'asar, Rashida da 'yan ajinsu biyar suke zama ƙarƙashin darbejiyar nan, kowa da littafi a cinya. Suna Turanci suna Dagbanci, in na gitta da tsintsiya sai murya ta yi ƙasa. Jagoransu wani dogon saurayi ne Badagombe mai suna Fuseini, wanda in zai gaishe ni sai ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Wannan gaisuwar ce ta fara ba ni tsoro, domin a sanina mai ladabin da ya wuce kima akwai abin da yake nema. Wata Asabar bayan sun watse na tsare Rashida a bakin murhu.

"Wai me kuke ƙullawa ne da ba a so in ji?"

"Mma, ba komai ba ne fa. Niyya muke ɗaurawa."

"Niyyar me? Azumi ya wuce."

"Kowa zai rubuta sadakar da zai riƙa yi in ya fara aiki. Tun yanzu da ba mu da komai, kafin albashi ya zo ya canza mana zuciya."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce mutanen da ko kuɗin yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, sai an ba su, su ne za su yi rabon arziki? Ba ta yi fushi ba, ta ce ai shi ya sa ake kiransa niyya.

"To wa zai riƙe kuɗin?"

"Babu kuɗi kuraa, ko sisi, Mma. Takarda ce. Kowa ya rubuta tasa, ya liƙe a ambulan, ya ajiye a wurinsa. Ranar da ya karɓi albashin farko ya buɗe ya karanta wa kansa."

"Wa ya kawo shawarar?"

"Fuseini."

"Na sani ai. Ke me kika rubuta?"

"Ba a faɗa, Mma. Dokar ke nan."

Kalmar nan ta "ba a faɗa" ita ta zauna mini a ƙirji kamar tuwon da bai nuna ba. Yarinyar da na goya, na yaye, na sayar da turmin atamfa goma na sa a sukul ta yi karatu, yau tana da maganar da wani ɗan mutane ya hana ta gaya mini. Na yi ta juya abin. Na ce ko ya sa su sa hannu ne cewa za su riƙa ba shi albashinsu da sunan sadaka. Na ce ko filin da babanku ya bar mata ne ake so a raba ta da shi. Na ce ko alkawarin aure ne aka lulluɓe da sunan Allah. Asabar ta gaba na tari Fuseinin da kaina na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce kakansa yakan ce sadakar da aka faɗa rabinta ya zube a hanya. Na ce a raina, ka ji bakin ɗan damfara, har da kakansa ya jawo.

A nan dole in tsaya in gaya muku wane ne kawunku, domin ku tsohonsa kawai kuka sani. Yaya Yakubu shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Direban babbar mota ne, Tamale zuwa Kumasi, shekara fiye da talatin. Shi ya yi mini kayan ɗaki, shi ya ba ni jarin farko, in ya sauka daga tafiya unguwa guda take cin burodi. Bai taɓa miƙa hannu ga kowa ba, kullum nasa hannun ne a sama. Da ido ya fara yi masa hazo ya ajiye tuƙi, matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya, Nuhu, ya tafi neman kuɗi ƙasar waje. In an tambayi Yaya sai ya ce Nuhu yana aike, alhamdu lillahi. Kuma wa zai yi shakka? Farin kaftaninsa kullum a goge da sitaci. Kowace Sallah sai ya zo gidan nan da zabi biyu a rataye, ya ce kawu ba ya zuwa gidan ƙanwa hannu wofi. In na biyo ta Gumbihini daga kasuwa nakan same shi a ƙofar gida kan kujerarsa, da tsinken sakace a baki, in na ce Yaya an ci abinci, ya ce yanzu ya tashi daga kan kwano. Sai in gode wa Allah in wuce.

Rashida ce take zuwa wurinsa kowace Alhamis ta ɗiga masa maganin ido, ta share masa ɗaki. To da na gano cewa Fuseini ma a Gumbihini yake zaune, sai na ce na kama bakin zaren. Wato zuwa gidan kawu hanya ce kawai ta zuwa wurin saurayi. Kun ga yadda zargi yake, ko alheri ya gani sai ya juya shi ya duba ƙasansa.

Ranar wata Litinin da safe, bayan ta tafi makarantar da take gwajin koyarwa, na shiga ɗakinta na buɗe akwatinta. Ambulan ɗin yana can ƙasa, cikin farin hijabinta na Juma'a. Na kanga shi a tururin tukunya har ya buɗe. Turanci ne zalla, ni kuma karatun allo na yi, sai ɗan bokon Hausa da na koya a ajin manya. Na ƙulle takardar a bakin zane na tafi kasuwa.

Maƙwabciyar rumfata ita ce Azara mai mayafai, Badagomba, ta yi boko har aji goma. Mutuniyar kirki ce, amma cikinta rariya ne, ba ya riƙe komai, kuma na san da haka sarai. Kada ku ce kuskure na yi wajen zaɓenta. Da gangan na zaɓe ta. Na ce in asirin Fuseini zai tonu, gara ya tonu a gaban shaidu, kafin magariba duk Tamale ta san shi. Shi ya sa ban ja ta gefe ba. A wurin akwai mata biyu suna taya mayafi, ga kuma Sanatu mai wagashi, cukun nan na nono, ta sauke tirenta tana hutawa, ita kuwa gidanta yana bayan masallacin da Yaya yake salla.

Azara ta sa tabarau, ta duba takardar sama da ƙasa.

"Hajiya, ɗiyanka ya iya rubutu sosai paa. Kana so in karanta duka?"

"Duka. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Ta fara karantawa tana juya mana da irin Hausarta. Ni Rashida na yi niyya saboda Allah, in na fara aiki, kowane wata zan sayi masara da shinkafa da mai, in ba wani direba ya kai wa Kawu Yakubu, ya ce saƙo ne daga Nuhu. Domin Nuhu bai aiko da komai ba shekara uku, ko waya ba ya yi.

Azara ta ɗaga kai ta dube ni. A nan ya kamata in fizge takardar. Amma wallahi ina nan ina jiran sunan Fuseini, na tabbata yana ƙasa. Na ce ta ci gaba.

Ta ci gaba, muryarta tana raguwa amma kowa yana ji. Kawu sau ɗaya yake cin abinci a rana, wata ranar ba ya ci. In na je Alhamis tokar murhunsa ita ce ta makon jiya. Tsinken da yake sa wa a baki don masu wucewa ne. Zabin Sallar bana agogonsa ya sayar ya saya, na bara kuma rediyonsa. Kada Mma ta sani, domin in ta sani za ta ɗauki kwano ta kai masa da kanta, shi kuma ya gwammace yunwa da ya karɓa daga hannun ƙanwar da ya riƙe.

Iyakar takardar ke nan. Babu Fuseini, babu fili, babu aure.

Ban san lokacin da na zauna a kan dilar atamfa ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni a tare. Zabin nan ni na fige su, ni na soya, har na ce na bana ba su kai na da ƙiba ba. Ni da nake alfahari babu abin da yake wuce idona, yayana yana kwana da yunwa a hanyar da nake bi kullum, ban gani ba, sai yarinya ce ta gani. Na roƙi matan nan su rufa mini asiri don girman Allah. Kowacce ta ce yoo, ta ji. Amma magana zarar bunu ce. Na dawo gida na mayar da takardar, na liƙe ambulan ɗin yadda na iya, na sa a cikin hijabin.

Kwana uku bai cika ba kwanuka suka fara isa ƙofar Yaya. Wannan ta aiko da tuwo, waccan da koko da ƙosai, duk da kyakkyawar zuciya. A masallaci wani ya cusa masa abu a aljihu bayan sallar asuba, a gaban mutane. Wanda ya saba gaishe shi da Maigida ya koma ce masa sannu, Allah Ya kawo sauƙi. Zancen kuma da ya zaga ya dawo, ya canza kama. Aka ce Rashida ce ta ba 'yan kwalejinsu labarin yunwar kawunta, suka rubuta a takarda za su kai wa masu fararen motoci a ba su tallafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Yaya a ƙofar gida, da sandarsa, kaftanin nan fari fat. Ina zaune a tabarma ina tsince wake, ku kuna tsakar gida. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya ce a kira masa Rashida.

"Ke kaɗai kike shiga ɗakina. Ke kaɗai kika san abin da ke cikin tukunyata. Na ba ki idona kina ɗiga magani, ashe kallon tsiraicina kike yi ki kai wa abokanki?"

"Kawu, ban gaya wa kowa ba."

"To aljani ne ya gaya musu zancen agogo? Har da tsinken bakina, Rashida? Shekara saba'in ban roƙi ɗan Adam ba. Yau yaran da na saya wa alewa suna sa mini sadaka a aljihu."

Rashida ta juya ta shiga ɗakinta, na ji ƙarar murfin akwati. Da ta fito, ba kawunta ta fara duba ba, ni ta duba. Kallo ɗaya, bai fi ƙiftawar ido ba, amma na san ta gane. Na sunkuyar da kai cikin faifan wake ina jiran ta faɗa. Sai kawai ta durƙusa a gaban Yaya.

"Kawu, ka yafe mini. Ni na rubuta."

Ga wurin da nake so ku karanta sau biyu. Ina da baki a ranar, lafiyata ƙalau. Kalma uku ta ishe ni: Yaya, ni ce. Amma na dubi mutumin da ya zame mini uba, na tuna cewa ni na ɗauki yunwarsa na kai tsakiyar kasuwa na ce a karanta da ƙarfi, sai tsoro ya kama ni. Na ji ba zan iya ɗaukar kallon da yake yi wa Rashida ba. Kuma ban tsaya a shiru ba. Don in ƙara nesanta kaina, na buɗe baki na ce mata:

"Ai na sha gaya miki taron nan naku ba alheri ba ne."

Wannan maganar kuka ji, ita kuka riƙe har yau, kuma ba laifinku ba ne.

Kafin mako ya zagayo Yaya ya kulle ɗakinsa ya koma Gbalahi, wurin wani manomi da ya taɓa zama yaron motarsa shekarun baya. A can yake ɓarar gyaɗa da masara da lalube, ya ce abin da ya ci da aikin hannunsa ba sadaka ba ne. Na bi shi da buhun shinkafa a motokin, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake sunan Rashida, sa'an nan ya sa aka mayar da buhun cikin motokin. Sau huɗu ina zuwa, sau huɗu kayan suna biyo ni gida. Maganin idon ma ya daina, domin ya ce ba mai sake taɓa masa fuska. Kowane zuwa ina ɗaura niyyar gaya masa gaskiya tun daga gida, in na isa na ga yadda ya rame sai in ce bari sai ya ɗan huce.

Taron darbejiya ya watse. Yaran suka shiga zargin juna, kowa yana ganin wani ne ya leƙa takardar wani. Fuseini ya fi kowa shan zargi tunda a unguwar yake. Ya zo har gidan nan ya durƙusa yana rantsuwa cewa bai san komai ba, ni kuwa na tsaya a kansa ina taɓe baki, alhali na fi kowa sanin gaskiyarsa. Na ji daga baya cewa shi tasa niyyar ta koyar da yaran ƙauye kyauta ce ranar Asabar, kuma har yanzu yana yi. Yaron da na kira ɗan damfara ke nan.

Rashida ta gama kwaleji, aka tambaye ta inda take so a tura ta, ta zaɓi wani ƙauye can kusa da iyaka, tafiyar yini guda. Kuka ce kunya ce ta kore ta. Albashinta na farko ta kawo mini na sa albarka kamar yadda ake yi, ba ta ce komai game da ambulan ba, ni ma ban tambaya ba. A damina ta uku Yaya ya rasu a Gbalahi, bai yafe mata a gaban kowa ba, bai kuma san abin da na yi ba. A zaman makoki na ga yadda kuka bar ta ita kaɗai a gefen tabarma, na ga dangi suna nuna ta da baki. Ina gani, ina jan carbi.

Ba na neman ku tausaya mini. Abin da nake so shi ne kowannenku ya taka ya je wurin yayarsa ya nemi gafara, ba ta waya ba. Ku gaya wa 'ya'yanku ma, domin na ji zancen ya fara shiga bakinsu. Shi kuwa Yaya, tsakanina da shi sai a gaban Allah, kuma ina jin tsoron ranar.

Watan jiya da gwiwar nan ta tsananta, Rashida ta ɗauki hutu ta zo ta yi mini kwana biyar. Wata rana da hantsi muna zaune mu biyu, ta ɗora ƙafata a cinyarta tana shafa mini man kaɗe, na ga furfura ta fara fito mata a gefen kunne. Shekara goma sha huɗu ban taɓa ɗaga zancen ba, sai ranar.

"Rashida, kin san ni na buɗe takardar nan."

"Na sani, Mma."

"To me ya hana ki faɗa? Kina gani kawunki ya tafi da fushinki, ƙannenki suka juya miki baya. Kalma ɗaya da kin wanke kanki."

Ba ta ɗaga kai ba, hannunta bai tsaya ba.

"Da na faɗa, da ya rasa ni ya rasa ki rana ɗaya, ba shi da kowa ke nan. Kuma ni niyyar da na ɗaura ta rufa wa babba asiri ce, Mma. Na Kawu ya kuɓuce mini. Naki ne ya rage a hannuna."

Ta sauke ƙafar a hankali ta ce in miƙo mata ɗayar, na miƙa.